Malam, shekara shida ban yi sallah ba: in na je Hajji bashin ya faɗi?

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, shekaruna 38, ina lodin hatsi daga Dawanau zuwa Ikko. Ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ina yaron mota na fara wasa da sallah, don maigidana ba ya tsayawa sai cin abinci ko shan mai. Da na karɓi mota a hannuna abin ya ci gaba, har na yi wajen shekara shida ban sa goshina a ƙasa ba, sai Juma'a in ta same ni a gida, sai kuma Idi. Azumi ma akwai shekara biyu da na sha kwanaki da yawa, wasu a hanya, wasu ina kwance a gida lafiyata lau. Wata takwas da suka wuce wani abokina ya yi hatsari kusa da Mokwa, ni na ɗauko gawarsa. Tun daga ranar ban sake barin sallah ba. Na tambayi mutum uku. Limamin unguwarmu ya ce sai na rama duka. Wani ɗalibin ilimi ya ce babu ramuwa, kuma wanda ya bar sallah kafiri ne, saboda haka auren da aka ɗaura mini a lokacin akwai magana a kansa. Wani abokin aikina kuma ya ce in biya kujerar Makka, in na dawo komai ya goge. Na tara wajen naira miliyan 5. Wallahi Malam ba na iya barci. Matata ba ta san komai ba. Mene ne mafita?

Direba, daga Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan abokinka, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan. Kai kuma Allah ya karɓi tubanka ya tabbatar da dugaduganka. Wata takwas kana sallah a kan hanyar Ikko ba tuban muzuru ba ne, wanda ya san hanyar nan ya san haka.

Zan fara da abin da nake jin shi ne ya fi hana ka barci, ko da yake a tsakiyar wasiƙa ka ɓoye shi: maganar aure. Aurenka yana nan daram, 'ya'yanka kuma 'ya'yan sunna ne. Imamu Malik da Shafi'i da Abu Hanifa duk sun tafi a kan cewa wanda ya bar sallah don kasala, alhali ya yarda farilla ce, ya aikata babban zunubi mai halakarwa amma bai fita daga Musulunci ba. Wanda ya ce sallah ba wajiba ba ce, shi ne ya fita. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Ubada ɗan Samit da Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda Annabi (SAW) ya ce salloli biyar Allah ya wajabta, wanda ya zo da su yana da alkawarin Aljanna a wurin Allah, wanda bai zo da su ba ba shi da alkawari, in Allah ya so ya azabta shi, in ya so ya shigar da shi Aljanna. Kafiri kuwa ba a ce masa "in ya so".

Shi wancan ɗalibi ba daga kansa ya ƙago maganar ba, kada mu zalunce shi. Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim cewa tsakanin mutum da shirka da kafirci shi ne barin sallah, kuma an ruwaito daga Imamu Ahmad cewa ya ɗauki hadisin a kan zahirinsa. Sai dai da yawa daga masu wannan ra'ayi suna nufin wanda ya yi watsi da sallah ɗungurungum, kai kuwa ka ce kana zuwa Juma'a. Sannan Ibnu Ƙudama, wanda shi kansa babban malamin Hambaliyya ne, ya faɗa cewa ba a san wani zamani da aka ƙi wanke gawar mai barin sallah, ko aka raba shi da matarsa saboda haka ba, duk da yawan masu barin ta a kowane zamani. Abin da nake zargin ɗalibin da shi ɗaya ne: mutum ya zo maka yana rawar jiki da tsoron Allah, sai ka jefa masa dutse a cikin gidansa, ka juya ka tafi. Maganar raba aure ta alƙali ce da manyan malamai, ba ta bakin masallaci bayan sallar isha ba. Ka rufe wannan babi, kada ka sake buɗe shi, kuma kada ka bari Shaiɗan ya riƙa kawo maka shi da tsakar dare.

To, sai ramuwa.

Limaminku ya yi gaskiya, kuma abin da ya faɗa shi ne matsayar mazhabobi huɗu. Annabi (SAW) ya ce wanda ya manta sallah ko ya yi barci ta wuce shi, ya sallace ta in ya tuna, ba ta da wata kaffara sai wannan. Shi kansa abin ya faru da shi a hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan hijira. Sun yi tafiyar dare, gajiya ta kama su, ya ce wa Bilal ya tsare musu asuba. Bilal ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta buge su. Suka matsa gaba kaɗan, aka yi alwala, Bilal ya tayar da iƙama, Annabi ya ja su sallar asuba rana tana sama. Kai da kake tuƙin dare, na san wannan labari ba baƙo ba ne a jikinka. Malamai suka ce, in wanda barci ya ɗauke, wanda ba shi da laifi, an ce ya rama, to ina ga wanda ya bari da gangan? Suka haɗa da wani hadisin inda aka tambayi Annabi game da ibadar da ke kan mamaci, ya ce bashin Allah shi ya fi cancanta a biya.

Ibnu Hazmi na Andalus da Ibnu Taimiyya sun saɓa. Suka ce Allah ya sanya wa sallah lokaci, kamar yadda aya ta 103 a Suratun Nisa'i ta faɗa, wanda ya fitar da ita daga lokacinta da gangan ya riga ya yi asararta, sai dai ya tuba ya yawaita nafila. Mutane da yawa suna jin wannan sai su ce madalla, an samu sauƙi. Su sake saurara da kyau. Cewa ake laifin ya fi ƙarfin ramuwa, kuma nafilar da ake nufi ba raka'a biyu ba ce ranar da ka ga dama. Ko ta ina ka ɓullo, raka'o'i masu yawa suna jiran ka. Ni dai abin da zan ce maka ka rama. Shi ne maganar mafi yawan malamai, shi ne karatun da aka yi mana a zaure, kuma yana da wani amfani ga mutum irinka: bashi ne mai adadi, kana biya kana ganin yana raguwa. Nafila marar iyaka kuwa, zuciyar da ta riga ta tsorata ba za ta taɓa cewa ya isa ba.

Mu yi lissafi, tunda kai mutumin lodi ne, ka saba da ƙirgen buhuna. Shekara 6 kwana 2,190 ke nan. Sau biyar, salloli 10,950. Na san da ka ga lambar gabanka ya faɗi. Ka daina ƙirga ta da salloli, ka riƙa ƙirgawa da kwanaki, don a kwana-kwana za ka biya. Kwana ɗaya na mazaunin gida raka'a 17 ne. Na matafiyi kuwa raka'a 11 ne, domin azahar da la'asar da isha duk bibbiyu ne. A nan sana'arka ta yi maka rana: ƙa'idar ita ce ana rama sallah yadda ta kuɓuce. Wadda ta wuce ka kana tsakanin Tegina da Jebba, ƙasaru za ka rama ta, ko da a tsakar ɗakinka kake ramawa. Wadda ta wuce ka kana gida, cikakkiya za ka rama ta ko da a Ogere ka shimfiɗa sallaya. Tafiyar ƙasaru a mazhabar Malik mil 48 ce, wato kilomita 80 da ɗoriya, kai kuwa kana cin wajen kilomita dubu kafin ka sauke kaya. In ka isa wuri ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ka zama mazauni har ka tashi. Zaman jiran lodi irin na "yau ne, gobe ne" wanda ba ka san ranar ƙarewarsa ba, wannan kana nan a matafiyinka.

Ba wanda zai iya tuna inda yake a kowace rana ta shekara shida, kuma ba a nema daga gare ka ba. Ka zauna ka kintata: a wata, kwana nawa nake hanya, kwana nawa nake gida? In ka ce ashirin da goma, to kashi biyu cikin uku ƙasaru, kashi ɗaya cikakku. Inda ka yi kokwanto ka cika huɗu, domin ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a wurin Malik, wanda ya cika sallarsa ta yi. Kuma wajen ƙiyasin shekarun, ka ɗauki adadin da zuciyarka za ta natsu da shi. In kana waswasi tsakanin shida da shida da rabi, ɗauki shida da rabi. Juma'ar da ka samu ta tsaya a madadin azahar ɗin ranar, kana iya cirewa. Wadda ba ka samu ba, azahar za ka rama.

Littafin Ahalari, wanda kusan duk ɗan makarantar zaure ya fara da shi, na Shehu Abdurrahman Al'ahdari mutumin Aljeriya, yana da fasali guda a kan wannan mas'ala taka. Ya ce wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiran sa mai sakaci. A wannan ma'auni za ka gama cikin kwana 438, shekara ɗaya da wata biyu da 'yan kwanaki. Amma kada ka ɗauka in ba ka kai biyar ba ka faɗi. Wasu malaman Malikiyya sun ce kwana biyu a rana ya fitar da mutum daga sakaci, kuma sun yarda da kwana ɗaya a rana ga wanda neman abincin iyalinsa ba zai bar shi ya wuce haka ba. Kwana biyu a rana, shekara uku ka gama. Kwana ɗaya a rana, shekara shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Shawarata gare ka ita ce ka yanka wa kanka kwana ɗaya a matsayin abin da ba ka taɓa saukowa ƙasa da shi, ko ana ruwa ko ana iska. Hanya mafi sauƙi: duk farillar da ka idar, kafin ka naɗe sallaya ka tashi ka yi iƙama ka kawo irinta ɗaya ta baya. Ka yi azahar ta yau, ka bi ta da azahar ta bashi. Alwala ɗaya, tsayuwa ɗaya, ƙarin minti uku ko huɗu. Ranakun da kake gida, ko kake zaman jiran a sauke kaya, sai ka ƙara: kwana uku, kwana biyar, yadda ƙarfinka ya kai. Sallolin kwana guda a jere, asuba har isha, ba su fi minti 20 zuwa 25 ba in ana karanta gajerun surori cikin natsuwa. Ku direbobi kuna da abin da ma'aikacin ofis ba shi da shi, wato dogon zaman jira. Awa nawa kake kashewa a bakin mai shayi kana jiran a kira lambarka?

Ina yaro akwai wani dattijo a masallacin unguwarmu, tsohon soja ne. Kullum bayan an sallame la'asar, mutane na fita, shi sai ya koma lungu bayan ginshiƙi ya tayar da iƙama a hankali. Mu yara muna mamaki, tunda an hana mu nafila bayan la'asar. Yana da gwangwanin madara biyu a cikin aljihun babbar riga, ɗaya da ƙwallayen dabino. In ya idar sai mu ji ƙwal, ya ɗauki ɗaya ya jefa a ɗayan gwangwanin. Sai da na girma na karanta fasalin nan sannan na gane bashin shekarun bariki yake biya, kuma ramuwar farilla ba ta da lokacin hani: bayan la'asar, bayan asuba, ko rana na fitowa ko tana faɗuwa, duk ana yi. Ban taɓa jin ya yi wa kowa bayani ba, ban kuma ji wani babba ya tambaye shi ba. Kai ba sai ka nemi ƙwallon dabino ba. Sayi ƙaramin littafi irin wanda kake rubuta kuɗin mai da na kan hanya, ka ja layi 2,190, ko ka yi gida-gida na wata-wata, duk kwanan da ka kammala ka soke shi. Ka rubuta a bangon littafin abin da yake nufi, ko don wata rana.

Ga wasu 'yan ƙa'idoji da za su tsare ka daga maimaita aiki. Farillai biyar kaɗai ake ramawa, ba a rama wutirin shekarun baya. Kowace sallah da iƙamarta, babu kiran sallah. Ta bayyane ka bayyana karatunta ko da rana tsaka kake rama ta, ta ɓoye ka ɓoye ko da dare ne. Niyya a zuciya take: azahar da ke kaina, shi ke nan, ba sai ka san ranar ko watan ba. In kana rama kwana guda a zama ɗaya, ka jera su yadda suke. Kuma a mazhabarmu ba ka bin liman mai sallar yau da niyyar sallar bara, balle ka bi mai tarawihi da niyyar farilla. Ramuwarka kai kaɗai za ka yi ta.

Wannan ya kawo mu ga nafila. Ahalari ya ce mai bashin salloli ba ya shagala da nafila, ba walaha, ba tsayuwar Ramadan, sai shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir da Idi da sallar kusufi da ta roƙon ruwa. Mutane suna jin nauyin wannan, musamman in goman ƙarshe ta zo kowa ya nufi tahajjud. Ka dube shi ta fuskar kasuwa: wanda ake bin sa kuɗin buhu ɗari ba ya rabon goro a bakin rumfar mai bin sa. In azumi ya zo, ka yi isha cikin jam'i, ka nemi gefe ko ka koma gida, lokacin da mutane suke raka'a goma na asham kai ka sauke kwana ɗaya ko biyu. Daren Lailatul Ƙadri in ya same ka a tsaye kana biyan farilla, ba ka yi asara ba.

Akwai kuma wani saƙo da yake yawo a WhatsApp duk ƙarshen azumi, wai wata sallah mai raka'a huɗu a Juma'ar ƙarshe ta Ramadan tana goge sallolin da suka kuɓuce na shekaru aru-aru, har da na iyaye. Ƙarya ce aka jingina wa Annabi (SAW), malaman hadisi sun daɗe da bayyana haka. In ya shigo wayarka ka goge shi. Haka nan a mazhabar Malik ba a biyan kuɗi ko hatsi a madadin sallah, kuma wani ba ya yi wa wani.

Abu ɗaya nake tsoro a kanka, kuma na fi tsoron sa a kan yawan bashin. Sabon tuba yana zuwa da zafi. Mutum ya ce yau sai na rama kwana goma, ya kwana a tsaye, gobe ya kama sitiyari ido na lumshewa da tan talatin a bayansa. Garin neman gira a rasa ido. Rayukan mutanen da ke kan titi amana ce a wuyanka, kuma ka ga abin da hanya ta yi wa abokinka. Daren da za ka yi tuƙi washegari, barcinka ya fi ƙarin ramuwa. Wani kuma zafin ne yake ƙonewa cikin wata biyu, ya ga lambar ba ta motsi, ya yanke ƙauna, har ta yau ɗin ma ya sake ta. A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. In wata rana ta ƙwace maka ba ka rama komai ba, ka yi istigfari ka ci gaba washegari. Sallar yau ita ce gaba da komai. Ba a buɗe sabon bashi don ana biyan tsoho.

Ita ta yau ɗin, shari'a ta sauƙaƙa maka ita fiye da yadda direbobi da yawa suka sani. Kana da ƙasaru. Kana da damar haɗa azahar da la'asar, da magariba da isha, in tafiya ta miƙa, wato tsayuwa uku a yini ta ishe ka: asuba, da ɗaya da rana, da ɗaya da dare. Wurin da ba shi da aminci ba a ce ka tsaya ba, ka tsara tun kafin ka tashi inda za ka yada zango, Tafa ne ko Mokwa ko Ogere, yadda kake tsara inda za ka sha mai. Jarka ɗaya ta ruwa da buta a bayan kujera sun raba ka da neman famfo, in ruwan ya ƙare kuma babu a kusa, ga ƙasa nan, ka yi taimama. Sannan uzurin da na fi ji a bakin mutanen tasha, "kayana ba tsarki": baƙin mai da giris da dizal da ƙura datti ne, ba najasa ba ne. Rigar da ta yi baƙi ƙirin da man inji ana sallah da ita. Fitsari da makamantansa su ne najasa, su ma wurin da suka taɓa kawai ake wankewa. Ka ajiye wando ɗaya mai tsabta a leda saboda haka.

Azumi kuwa kashi biyu ne. Kwanakin da ka sha kana kan doguwar tafiya, alfijir ya keto maka a hanya ba ka kwana da niyyar azumi ba, Allah ya yi wa matafiyi rangwame, ramuwa ce kawai, kwana a bakin kwana. Waɗanda ka sha a gida da gangan, a mazhabar Malik akwai ramuwa, akwai kuma kaffara ga kowane yini: ciyar da miskinai 60, kowanne mudun Annabi ɗaya na abincin da aka fi ci a garin, ko azumin wata biyu a jere. Malik ya fi son ciyarwa. Mudun Annabi ba mudun kasuwa ba ne, cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, ya ɗan haura rabin kilo. In kwana goma ne, mudu 600 ke nan, wajen buhu uku da rabi na gero ko masara irin mai kilo 100, kai ka fi ni sanin farashinsa a Dawanau. Akwai kuma mudu ɗaya ga kowane yini saboda jinkirta ramuwa har wani azumin ya zagayo. Shafi'i da Ahmad ba su wajabta babbar kaffara a kan ci da sha ba, sai a kan kusantar iyali da rana. Saboda haka ka ƙirga kwanakin tsakaninka da Allah, ka koma wurin limamin nan naku ku zauna, in adadin ya fi ƙarfinka ka gaya masa gaskiya, zai san inda zai sama maka hanya. Ramuwar kuma ka bari sai sanyi ya shigo, yini gajere ne, ƙishirwa kaɗan.

Saura abokinka mai cewa a je Makka. Hadisin da ya dogara da shi sahihi ne: wanda ya yi Hajji bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba, zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Amma malamai sun bambanta tsakanin zunubin jinkiri da ainihin abin da ke wuyanka. Hajji karɓaɓɓe ana fatan ya wanke laifin sakacin da ka yi. Sallar kanta tana nan, kamar yadda kuɗin wani da ke hannunka ba ya zama naka don ka tsaya a Arfa. Na kuma san lissafin da wasu ke yi a ɓoye: sallah ɗaya a masallacin Ka'aba ta fi dubu ɗari a wani wuri, to in na yi ɗaya ai na biya har da canji. Lada ce ake ninkawa. Azahar ɗaya a gaban Ka'aba azahar ɗaya take saukewa daga littafinka.

Wannan ba ya nufin kada ka je. Hajji rukuni ne mai zaman kansa, yana wajaba a kan mai iko, kuma bashin sallah ba ya ɓata shi. Sai dai miliyan 5 ba ta kai ba tukuna, a 2025 kujera ta haura naira miliyan 8. Ka fara fitar da kaffarar azumi daga ciki, ka sallami duk wanda yake bin ka, ka tambayi liman ko ajiyar ta kai nisabin zakka tunda ta kwana biyu a hannunka, sauran ka ci gaba da tarawa, ko ta adashin gata na hukumar alhazai in ka fi natsuwa da shi. Ranar da Allah ya kira ka, ka tafi da littafinka a jaka. Makka da Madina wuri ne mai kyau na rage shafuka, babu lodi, babu sitiyari.

Game da uwargida, ba dole ba ne ka kwance mata abin da Allah ya rufa maka asiri a kai, an ma fi son mai laifi ya bar shi tsakaninsa da Ubangijinsa. In ta ga kana ƙara salloli ta tambaya, ka ce akwai waɗanda suka kuɓuce mini a hanya ina ramawa. Gaskiya ka faɗa, kuma ta wadatar. Ina zaton ma za ka samu mai tashin ka da asuba.

In tsoron mutuwa kafin ka gama ya taso maka, ka buɗe Suratu Maryam, aya ta 59 da ta 60. Ta farko ta ambaci waɗanda suka tozarta sallah suka bi sha'awa, ta yi musu gargaɗi mai tsanani. Ta biyu ta ce sai dai wanda ya tuba ya yi imani ya yi aiki na ƙwarai, waɗannan za su shiga Aljanna ba a zaluntar su da komai. Wanda ajali ya riske shi a shafi na talatin yana kan biya da gaskiya, ga Mai rahama ya tafi, kuma muna kyautata masa zato.

Akwai wani mutum a wasiƙarka da ka ambata a layi ɗaya ka wuce: maigidanka da ba ya tsayawa. A wurinsa ka koyi tuƙi, a wurinsa kuma ka koyi wuce masallaci. Yanzu kai ne maigida, kuma na tabbata akwai yaro ɗan shekara sha tara ko ashirin da ke zaune a gefenka, yana ɗaure tamfol, yana sa wa taya waigi, yana kallon duk abin da kake yi. Gobe in kun tsaya, kada ka bar shi gadin mota kai ka tafi. Ku kulle ta, ka miƙa masa buta, ka jira shi ya gama alwala, ku yi raka'a biyun tare. In ya ga ka sake tashi ka tayar da wata iƙamar ya tambaye ka ta mece ce, shi kam ka gaya masa.

Wassalam.